Ranar da Aka Zuba Mana Ruwa, Ni da Mista Roba

Tun da aka liƙa sanarwar Makon Lafiya na bana a ƙofar makaranta, matasa suke ta sintiri gidana a Kakuri. Maganar kowa ɗaya ce: "Baba Bulus, ka saka ni a aikin nan naka, ai kwanciya ce kawai." Wani da ya zo ranar Lahadi bayan an tashi coci har cewa ya yi shi tun yana jariri ya iya kwanciya, in ban yarda ba in tambayi uwarsa. Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya karanta har ƙarshe bai canza ra'ayi ba, ya zo.

Sana'ata ita ce zama majinyacin gwaji. A tsangayar lafiya ta wata jami'a mai zaman kanta da ke bakin hanyar Abuja, kusa da Gonin Gora, ɗalibai ba sa fara koyo a jikin mai ciwon gaske. Ni ake fara ba su. Idan darasin karaya ne, in karye. Idan na suma ne, in suma. A Makon Lafiya kuwa aikin yake kaiwa maƙura. A lokacin ake kafa rumfuna, a auna wa jama'a hawan jini kyauta, a ba da jini, sannan a yi gasar taimakon gaggawa, wadda ɗaliban da suka ci suke samun satifiket da gurbin koyon aiki a asibiti. A wannan makon mota takan buge ni, maciji ya sare ni, in faɗo daga kan mangwaro, in koma gida in ci tuwo.

Ba da wannan na fara ba. Na yi shekaru a masaƙa a nan Kakuri, har ranar da aka rufe ƙofa aka ce mu je za a neme mu. A can na koyi cewa kowane aiki yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma ba a barin inji sai an busa jiniyar tashi.

Wanda ya koya mini sabuwar sana'ar shi ne marigayi Baba Dung, mutumin Filato, wanda ya daɗe yana yin gawa a wasan kwaikwayon cocinmu kafin makarantar ta ɗauke shi. Ranar da na fara zuwa wurinsa bai yi mini bayanin komai ba. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidansa, ya ce in kwanta in suma. Na kwanta. Ya watsa mini gyaɗa a ƙirji, ya buɗe akurkin kaji. Da zakara ya taka mini leɓe na ɗaga hannu na kore shi.

"Tashi," in ji Baba Dung. "Ka warke. Je ka gida."

Haka na yi ta zuwa ina warkewa ana kora ta, har ranar da kajin suka gama gyaɗar suka fara kwana a kaina. A ranar ya gaya mini ƙa'idojin aikin. Na farko, ka san ciwonka: mai karaya a cinya ba ya riƙe ciki, mai saran maciji ba ya tari. Na biyu, kada ka taimaki ɗalibi, ko da ɗan fastonku ne. Na ƙarshe, wanda ya fi duka, idan ka kwanta ba ka tashi sai malamin da ya kwantar da kai ya busa usur. Ba don ruwan sama ba, ba don fitsari ba, ba don an kira sunanka ba. Ya ce ɗalibin da ya taɓa ganin majinyaci ya miƙe da kansa yana kaɗe wando, har abada zai riƙa jiran haka a asibiti.

Yanzu kayan aiki. Akwai wani mutumin Kakau da ya taɓa gwada sana'ar nan, aka ba shi haɗarin babur. Ya haɗa jininsa da zoɓon sayarwa, mai sukari da abarba. Bai daɗe da kwanciya a ciyawa ba tururuwa suka same shi. Baƙin da aka gayyato suna zaune a ƙarƙashin rumfa suka ga mai karaya biyu ya wuce motar asibiti da gudu. Saboda haka jinin aiki ba a sa masa sukari. Matata Hannatu ce take dafa mini zoɓo tsura, ta kaurara shi da ɗan sitaci. Mai kauri na tsohon rauni ne, mai ruwa-ruwa na sabo. Toka da ɗan man kaɗe suke mai da fuska ta mai jin jiki. Ƙashin da yake leƙowa ta fata na akuya ne, daga wurin mai tsire, a wanke a shanya a ɗaure da filasta. Sai riguna. Ɗalibai suna son almakashi fiye da komai. Su yanke riga daga wuya har ƙasa, Hannatu ta ɗinke, mako mai zuwa su sake yankewa. Ina da rigar da yanzu ɗinkinta ya fi yadinta yawa.

Ɗaliban kansu iri-iri ne. Na taɓa yin karaya a ƙafar hagu, wani ya zo ya naɗe ta dama da bandeji, naɗi mai kyau ƙwarai, ya ɗaura sanda, ya ja da baya yana sha'awar aikinsa. Ni kuma na ci gaba da kuka da ta hagu, don ba aikina ba ne in gyara masa. Akwai wadda ta durƙusa kusa da ni ina sume ta ce, "Baba, daga ɗaya zuwa goma, yaya zafin yake?" ta tsaya jiran amsa. Akwai waɗanda suka ɗauke ni a gadon ɗaukar majinyaci, wayar na gaba ta yi ƙara, ya saki hannu ɗaya. Duk wannan ban taɓa kai ƙara ba. Don haka aka kawo su, don haka aka kawo ni.

Sai mugunyar shekara ta zo, a cikin akwati.

Shugaban sashen, Dokta Ayuba, ya sa aka sayo mutum-mutumin roba daga ƙasar waje. Tsawonsa kamar nawa. Yana da batir a ciki. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ana jin bugun jini a wuyansa, yana ƙyafta ido, yana nishi, har yana cewa a taimake shi da Turanci. Ɗalibai suka sa masa suna Mista Roba. Aka ba shi ɗaki mai na'urar sanyi da labule. Ni kuwa a bayan janareta nake canza riga tun da na fara aiki.

Kira ya ragu. Lokacin Baba Dung ya riga ya rasu, sauran abokan aikina biyu suka watse, ɗaya ya koma sayar da doya a bakin titi. Ni kaɗai na rage, kuma idan an neme ni to Mista Roba za a ɗauka daga ɗakinsa zuwa aji, don nauyi gare shi. Ina ɗaukarsa yana mini nishi a kunne.

Da Makon Lafiya ya matso, Dokta Ayuba ya kira ni ofis. Malama Rifkatu tana wurin, ita ce mai koyar da taimakon gaggawa, kuma ita ce mai usur.

"Baba Bulus," in ji Dokta, "hukumar makaranta ta ce ba za a riƙe majinyata biyu ba."

"Yallaɓai, shi ai ba ya cin abinci. Wane riƙo ake masa?"

"Shi ya sa maganar ta taso a kanka."

Malama ta ce, "Dokta, a haɗa su a gasar bana mana. Haɗarin keke mai ƙafa uku, fasinja biyu. A ga wanda ɗalibai suka fi ƙaruwa da shi."

Dokta ya yarda. Ya ce ranar Juma'a bayan gasa zai faɗi wanda zai zauna. Na ce to. Na kuma ba da aron riga da wando da hula don a sa wa Mista Roba, saboda shi tsirara ya zo ƙasar nan. Ni da hannuna na shafa masa zoɓo da toka a fuska, na yi masa kyau kamar yadda zan yi wa kaina. Ba a zaluntar abokin aiki.

Ɗalibai suka ce bana suna son abin ya yi kama da gaske, don haka ba a filin makaranta za a yi ba, a wajen ƙofa za a yi, gefen titi. An gaya wa malamai, an gaya wa baƙi, an gaya wa masu abinci. Ba wanda ya tuna da mutanen bakin titi: masu gasa masara, masu wankin mota, 'yan keke.

Da hantsi aka turo wani mataccen keke aka kifar da shi ta bayan katanga. Aka kwantar da Mista Roba a gefe ɗaya, aka kunna shi. Na kwanta a ɗaya gefen. Nawa ciwon buguwa ce a ka da suma, ga ƙashin akuya a ƙwauri. Malama ta duba mu ta ce, "Baba, sai ka ji usur." Ta koma ciki ta kawo ɗalibai. Abin da ba a lissafa ba shi ne Dokta Ayuba yana kan jawabin maraba, kuma ba a fita daga rumfa yana magana.

Wadda ta fara ganinmu ita ce Maman Ladi mai masara. Na ji ta yar da mafici ta kira sunan Yesu. Kafin wani lokaci ƙafafu sun kewaye mu. Idona a rufe yake, amma mai wannan sana'a da kunne yake gani.

"Wannan tsohon ya suma."

"Wancan fa yana magana. Turanci yake yi."

"Ɗan boko ne, ku fara da shi."

Ko a nan ma shi aka fara yi wa hidima. Wani mai wankin mota ya kawo bokiti ya sheƙa masa. Mista Roba ya ce a taimake shi. Suka ce ai ga shi ana yi, aka ƙara masa wani. Wata ta buɗe gwangwanin madara ta ɗura masa a baki, don a nan an san madara tana kashe kowace irin wahala. Sai muryarsa ta fara rawa, ta koma kamar rediyon da ya rasa tasha, wani ƙauri ya tashi, ya yi shiru.

Wani dattijo ya taɓa shi ya ce, "Jikinsa har ya yi sanyi. Ya sandare." Ya yi ƙoƙarin rufe masa ido, ido ya ƙi rufuwa. Ya ce wannan da magana a bakinsa ya tafi. Maman Ladi ta kwance zanen da ta ɗaura a kan na ciki ta lulluɓe shi. Maza suka cire huluna.

Daga nan suka juyo kaina da ƙarfin mutanen da suka riga suka rasa ɗaya. Bokiti na farko na wanke masara ne, na biyu da kumfar omo a ciki. Aka fasa albasa aka tura mini a hanci. Maman Ladi ta cusa mini cokali tsakanin haƙora don kada in ciji harshe. Wani ya cire mini takalmi yana dukan tafin ƙafata, wani yana mini fifita da kwali, wani yana kiran sunaye a kunnena ɗaya bayan ɗaya ko zai dace da nawa. Madarar da ta rage ni aka ba. Albasa ta fi zakaran Baba Dung, wannan gaskiya ne. Amma ban ji usur ba.

A lokacin ɗalibai suka fito da fararen riguna da akwatunansu. Shugabarsu, wata mai suna Laraba, ta ɗaga murya ta ce, "Don Allah ku matsa, gwaji ne muke yi."

"Gwaji?" in ji Maman Ladi. "A jikin mutane kuke gwaji? Ga ɗaya nan kun gwada."

Laraba ta nufi zanen za ta yaye ta nuna musu roba ce, dattijon ya tare ta ya ce ba mai taɓa mamaci sai danginsa sun zo. Hayaniya ta kaure. Mai gadin makaranta ya ga taro, ya bi tasa ƙa'idar, ya rufe ƙofa da kwaɗo. Malama Rifkatu tana ciki da usur ɗinta.

Sai na ji wata murya da na sani. Ɗanladi ne, ɗan keke, maƙwabcinmu a Kakuri.

"Ai Baba Bulus ne. Ku kama mini shi, ba zan bar shi a hannun yaran nan ba."

Aka naɗe ni aka tura a keke, ƙafafuna a waje. A hanya wani mai ba da hannu ya busa wa Ɗanladi usur saboda ya bi hannun da ba nasa ba. Na saurara da kyau. Ba na Malama ba ne. Nata yana da ɗan kaushi a ƙarshe, tun ranar da ya faɗa cikin shayi. Na ci gaba da suma.

Ɗanladi ya kai ni wani ƙaramin asibiti. Nas ɗin da ta karɓe ni ta ɗauko almakashi ta yanke rigar daga wuya har ƙasa, sai na gane 'yar makarantarmu ce tun kafin ta yi magana. Ta tsaya. Ta shinshina kaina. Ta ja ƙashin ƙwaurin ya biyo hannunta, Ɗanladi ya dafa bango.

"Baba Bulus," ta ce, "ni ce Jummai, wadda ta taɓa tambayarka daga ɗaya zuwa goma. Ka tashi, nan asibitin gaske ne."

Ban tashi ba. Ta juya ta ce wa Ɗanladi, "Lafiyarsa ƙalau. Sai dai ba zai motsa ba sai an busa."

"A busa me?"

"Ba za ka gane ba. Bari in kira Malama."

Amma Ɗanladi ya riga ya yi nasa kiran tun a hanya. Hannatu ta iso da matan zumuntar coci, don ranar suna taro, duk da ankonsu. Wasu sun fara waƙar ta'aziyya tun daga ƙofa. Hannatu ta ratsa su ta tsaya a kaina. Ta duba rigar. Ta dangwali jinin goshina ta ɗanɗana.

"Zoɓona ne," ta ce. "Ku daina waƙar."

"Maman Talatu, ki yi haƙuri, ruɗewa ce," in ji ɗaya daga cikinsu.

"Ba ruɗewa ba ce. Jiya na dafa shi. Baban Talatu, tashi mu tafi, ka tara mini jama'a."

Ban motsa ba.

"Kun gani? Idan yana aiki ko gobara aka yi sai dai a ɗauke shi da tabarmar. Ku zauna, za mu jira."

Jummai ta samu Malama a waya, ta kara mini a kunne, Malama ta busa daga can. Na yi tunani a kai. Baba Dung bai taɓa ambaton waya ba, kuma ranar yanke hukunci ba ranar ƙirƙiro sabuwar ƙa'ida ba ce. Na zauna a yadda nake, da cokali a baki. Na ji Malama ta ce, "Na sani. Ga mu nan zuwa."

Suka iso a motar makaranta, ita da Dokta Ayuba. An sha fama kafin mutanen titi su saki Mista Roba. Sai da Laraba ta zare masa ƙafa ɗaya ta ɗaga sama, dattijon ya mayar da hularsa ya tafi. Yanzu Mista Roba yana kwance a bayan mota, madara tana ɗiga daga kunnensa.

Malama ta tsaya a gefen gado ta busa. Na buɗe ido, na zare cokali, na fyace albasa, na zauna. Na gaida Dokta, na gaida Malama, na gaida matan zumunta, bi da bi.

Dokta ya dube ni. Ya ce, "Baba, duk abin nan kana ji?"

"Ina ji, Yallaɓai."

"Ba ka ga ya kamata ka tashi ka yi musu bayani ba?"

"Ba a busa ba."

Ya shafa fuska. "Ruwa nawa aka zuba maka?"

"Daidai da nasa. Madara ce ya fi ni samu."

"Akwai abin da ya lalace a jikinka?"

"Riga ce, kuma za a ɗinke."

"Wa zai ɗinke?" in ji Hannatu.

Dokta ya leƙa ta taga ya dubi bayan motar. Ya tambayi Malama ko ana gyara irinsa a Kaduna. Ta ce ko a Legas sai an aika waje. Ya sake dubana, har na fara bushewa a ƙarƙashin fanka.

"Litinin akwai darasin suma," ya ce. "Ka zo da wuri."

Cokalin na wanke na mayar wa Maman Ladi a ranar, tare da zanenta. Ba ta yi mini magana ba sai da aka kwana biyu.

Mista Roba yana nan har yanzu. Ba ya numfashi, ba ya Turanci, amma ana danna masa ƙirji a darasin farfaɗo da zuciya, kuma wannan ɓangaren na bar masa da hannu biyu, don haƙarƙarina sun tsufa. Ɗakin mai sanyi tare muke amfani da shi, shi a gado, ni ina canza riga a bayan labule.

Gasar ma ta canza. Malama Rifkatu ta ce tunda haka bakin titi yake, haka za a riƙa koyarwa. Yanzu kowace shekara ana gayyato Maman Ladi da masu wankin mota da bokitansu, a ajiye musu kujeru. Idan na kwanta su ake fara saki, sannan ɗalibai. Rukunin da ya iya lallashinsu har bokiti bai kai kaina ba, shi yake ɗaukar satifiket da gurbin asibiti. Ba kowace shekara ake samun mai ci ba. Maman Ladi ba ta wasa da aikinta.

To, ku masu cewa kwanciya ce kawai, ga yadda za a yi. Ku zo ranar Asabar da safe, da tsohuwar rigar da ba ku so. Kada ku sha ruwa da yawa kafin ku taho. Tabarma tana nan, gyaɗa tana nan, kaji sun ƙaru. Wanda ya wuce kaji, akwai albasa.